Hayaƙin Fadama da Ƙirjin Kaka

Ai shi ne nake gaya muku, hayaƙi ma yana da hali! Wallahi yana da hali kamar mutum. Akwai wanda zai miƙe sak ya yi sama bai kula kowa ba. Akwai wanda zai kwanta ya bi ƙasa yana leƙa gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Ni ban yi makarantar wannan abu ba. Sakandare na gama na dawo gona, na haɗa da kabu-kabu tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi. Abin da na sani game da iska, rabinsa a waya na tsince shi, rabinsa kuma a ƙirjin kakata na koye shi. Ku bari in fara ta kanta, don in babu ita babu labarin.

Garinmu ƙarami ne, gaba da Ambursa kaɗan in ka nufi wajen Argungu. Fadama ta kusa zagaye mu, gulbi kuma yana ta yamma da mu. Shinkafar rani muke yi. In bazara ta shigo anka yanke anka buge, sai ka ga karan shinkafa tsibi-tsibi a kowace gona, kuma dole a kawar da shi kafin ruwan farko ya sauka. Hanya mafi sauƙi ita ce ashana. Kowa da ranar da ya ga dama. Yau wannan, gobe wancan, haka gari zai yi ta shan hayaƙi har sama ta zubo.

Kaka, wato mahaifiyar Baba, tana da ciwon fuka tun ban san kaina ba. Da anka fara ƙuna za ka ji ƙirjinta yana kuka kamar an danne ɗan kyanwa. Saboda haka kowace shekara, da anka fara yankan shinkafa, sai a haɗa mata kayanta a kai ta Birnin Kebbi gidan Baffa, ƙanen Baba, wanda yake aikin gwamnati. Tun da na sami mashin, ni ne mai kai ta. Kuma duk tsawon hanya faɗa muke yi.

"Kai dai anka yi mijin banza," haka take cewa, tana riƙe da rigata ta baya. "Kowane miji gidanshi shika kai mata tai, kai ko sai ka ɗauke ni ka kai ajiya."

"To ai kin tsuhwa ne, amarya nika nema."

"Wa ka son ka da wanga wuya awa na zalɓe?"

Wasa ne na jika da kaka, amma a ƙarƙashinsa akwai abin da ba wasa ba. Gidan Baffa yana da fanka, yana da famfo, matarsa ma tana kula da ita sosai. Kaka dai ba ta son wurin. Ta ce gida ne da sai an buga ƙarfe kafin a shiga, kuma babu mai aiko yaro ya ɗebi wuta. Wata rana muna daidai shiga Birni ta faɗi ainihin abin. Ta ce ita tsoronta guda ne, kada ajali ya riske ta can. Ta san yadda ake yi: za a ce zafi ya yi yawa, hanya da nisa, a rufe ta nan kurum. Ita kuwa tana son a kai ta bayan garinmu, inda mijinta yake, inda uwarta take. Na dai rage gudu.

Ba wai babu doka ba a lokacin. Akwai. Kowace shekara sai mun ji a rediyo cewa an hana ƙona kara. Wani lokaci ma'aikaci kan zo da mota ya zaga fadama da rana. To mu ma ai ba yara ba ne. Sai a jira ya juya, rana ta yi sanyi, a kyasta. Daga baya, da na fara bin abin a waya, na gane mun zaɓi lokaci mafi muni. In rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska tana tashi sama ta ɗauki hayaƙi ta tafi da shi. In yamma ta yi ƙasa ta fara hucewa, sai hayaƙin ya rasa mai ɗaga shi, ya kwanta. Kun ga ke nan dokar Birni ba ta hana ƙuna ba, ta dai mayar da ita lokacin da za ta fi shiga ɗakin Kaka.

Sai wata shekara, ana gab da yanka, ma'aikatan muhalli sunka zo, amma ba su nufi fadama ba. Zauren mai gari sunka nufa. Sunka ce sun gaji da gadin gonar da ba tasu ba. Daga yanzu, maganar hayaƙi a ƙasar garinmu tana hannun mai gari da dattawansa. Su tsara yadda za a yi, su hukunta wanda ya saɓa, hukuma tana bayansu.

Ku zo ku ga murna wurina! Ban taɓa tunanin iska tana da mai ita ba. Ƙasa tana da mai ita, kowa ya san iyakar gonarsa. Ruwa yana da masu shi. Amma iska? Ga shi rana ɗaya an ce ta garinmu tamu ce, mu san yadda za mu yi da ita. Na je na gaya wa Kaka, ta dube ni ta ce, "To Allah shi sa ku iya riƙonta, don ni ban taɓa ganin wanda yad damƙe ta ba."

Anka yi taro gindin bedi, wato dogon yaron da ke ƙofar mai gari, bayan la'asar. Magana ta yi ta yawo ba ta zauna ba. Wasu sun ce a hana gaba ɗaya, anka ce to wa zai kwashe karan? Wasu sun ce a bar kowa da halinsa, anka ce to mi anka yi ke nan? Ana cikin haka Kawu ya yi gyaran murya. Kawu yayan mahaifiyata ne, masunci ne daga wani gari kusa da Argungu, yakan zo mana taya yanka kowace shekara. Ba ɗan gari ba ne, amma bakinsa ba ya neman izini.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "ni abin ga mamaki shika ba ni. Ku da kuka zaune bakin gulbi, a ce ba ku san yadda aka riƙon abin jama'a ba? Mu can, tabki in anka ruhe shi, an ruhe shi. Ko ɗan sarkin ruwa bai isa shi jehwa ƙugiya ba. Ran da anka buɗe, kowa shi ɗauko homa tai da gora nai, a hwaɗa gaba ɗai. Kahin azahar an gama, kowa ya samu, babu wanda yac cuci wani. Ku ruhe ƙuna awa tabki. Ku sa rana guda. A sha hayaƙi yini ɗai a huta, maimakon wata guda ana tari."

Wurin ya ɗauka da "Wallahi haka ne!" Duk munka ce madalla. Kuma ku yi mana adalci, maganar ta shiga hankali. Su ɗin nan, wato kamun kifin da ake faɗawa ruwa gaba ɗaya, mun san shi tun muna yara. Mun ga yadda yake hana rigima, mun ga yadda yake barin kifi ya girma. Abu ne namu, ba daga takardar kowa ya fito ba. Mai gari ya sa mai shela ya zaga da ganga: an rufe ƙuna, sai ranar da anka sanar.

Kuma anka rufe ɗin! Abin da rediyo ya kasa shekara da shekaru, ganga ɗaya ta yi shi. Ko mutum guda bai kyasta ba. Wa zai yarda a ce shi ne ya saci tabki? Anka yanke shinkafa, anka buge, tsibin kara yana ta ƙaruwa, sama kuwa garau. A shekarun da na yi wayo, ban taɓa ganin Kaka a gida ana bugun shinkafa ba sai wannan karon. Ta fito da tabarmarta ƙofar ɗaki tana sheƙar sabuwar shinkafa, tana yi wa matan gida gyara, wai ba su iya riƙon faifai ba. Baffa ya bugo waya ya ce yaushe za a kawo ta, ta karɓe wayar ta ce masa ya ba wani ɗakin.

Da ranar ƙuna ta matso, Baba ya ce ko yini ɗayan nan a kai ta Birni ta dawo. Ta ƙi. Ta ce wadda ta sha hayaƙin wata guda shekara da shekaru kafin a fara kai ta Birni, yini ɗaya ne zai kore ta? Za ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da taga, shi ke nan. Mu ma munka ga kamar haka ne.

Ga abin da babu wanda ya hango. Ba kowa ne ya yanka lokaci ɗaya ba. Wasu karansu ya bushe ƙayau, wasu kuwa shekaranjiya sunka buge, cikin tsibin ɗanye shar. Da can mai ɗanyen kara yakan jira ya bushe. Yanzu an ce rana ɗaya ce, in ta wuce ka an rufe. To wa zai jira? Sannan anka sa lokacin kamar na su, da sassafe bayan an fito masallaci, wai don a gama da wuri. Safiya kuwa iska ba ta tashi ba tukuna. Ranar ma ko ganye ba ya motsi.

Ganga ta yi ƙara, fadama ta kama ta kowane gefe. Da farko abin har da ban sha'awa, yara suna ihu, samari suna tsere da wuta a hannu daga tsibi zuwa tsibi. Ni ina gonarmu da Baba. Can na ɗaga kai na ga hayaƙin bai tafi ko'ina ba. Fari ne, mai kauri, irin na ɗanyen abu. Ya ɗan tashi kamar tsayin giginya, sai ya tsaya, ya bazu, na gabas ya haɗu da na kudu, na kudu ya haɗu da na bakin gulbi, sunka rufe garin kamar an kifa masa ƙwarya. Rana ta koma ja, kana iya kallonta da ido. Awaki sunka dinga kuka. Ina jin muryar Baba kusa da ni amma ba na ganinsa sosai.

Gida munka nufa da gudu.

Ƙofarta a rufe, tagarta a toshe da tsumma, amma hayaƙi ya riga mu shiga. Mun same ta zaune ta dafa gado da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, bakinta a buɗe. Maganin shaƙarta yana ƙasa, ta matsa har ta gaji. Kukan ɗan kyanwar nan ma babu, kuma rashin jin sa ya fi ba ni tsoro. Na tada mashin, anka ɗora ta bayana, Baba ya hau bayanta ya rungume ta. Da hantsi ne, amma da fitila na fita gari. Sai da munka wuce Ambursa sannan na ga sama shuɗiya. A hanyar nan babu wanda ya kira ni mijin banza. Na yi ta jira ta faɗa.

Allah ya sa da sauran kwana. A asibiti sunka sa mata abin numfashi, zuwa yamma ta buɗe ido. Ba ita kaɗai ba ce daga garinmu ranar, har da jarirai. Da anka sallame ta, gidan Baffa anka wuce da ita, ɗakin nan dai da ta ce a ba wani. Baffa ya ce magana ta ƙare, ba za ta sake yin bazara a ƙauye ba, in ma son samu ne ta zauna Birni gaba ɗaya. Baba bai musa ba. Ni na ga fuskarta lokacin da ake maganar a kanta. Ta juya ta kalli bango.

Bayan ruwa ya sauka ta matsa sai da na mayar da ita gida. Muna shiga gari ta ce kada in tsaya ƙofarmu, in wuce zauren mai gari. Na ce, "Kaka, maza na cike."

"Ni na ga haihuwar rabinsu. Wuce."

Mai gari yana zaune da dattawa, Kawu ma yana nan, ya ji za ta dawo ya zo duba ta. Ta tuɓe takalmi, ta shiga da sandarta, ta zauna bakin ƙofa. Ita ta yi goyon mai gari yana jariri, lokacin da mahaifiyarsa ta yi jinya, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "na zo gaisuwa, kuma na zo tambaya. An ce iskar garin ga ta koma hannunka."

"Haka anka ce, Inna. Ya jiki?"

"Jiki ga shi ka gani. An ce kun yi mata su."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ta juya wajensa.

"Kai masunci, ɗago. Ran da kunka buɗe tabki, kowa ya samu, ko?"

"Kowa na samu, Inna."

"Babu wanda aka cuta?"

"Babu."

"Har kihin?"

Wani dattijo ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye.

"Ku kuna bisa da gora, kihi na ciki. Shi ya sa su ɗin ka yi muku daɗi. To ran nan da kunka hwaɗa ma iska gaba ɗai, wa ac ciki? Wa ak kihin?" Ta dafa ƙirjinta. "Mu ak kihin. Ni da jarirai."

Duk abin da na karanta a waya bai faɗa mini shi haka ba. Ruwa muna tsayawa a bakinsa mu yi masa doka. Iska kuwa babu bakinta, a cikinta muke.

Kawu ya ce, "Inna, a yahe mani. Bakina na."

"Bakinka ai kullum shi na. Amma su da sunka biye ma, kunnuwansu na wa?"

Nan fa anka yi dariya ta gaskiya, har mai gari. Da dariyar ta lafa ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce shi abin da yake tunani tun ranar, garin nan hanya biyu ya gada ta yin aikin jama'a. Akwai su, wanda ake faɗawa gaba ɗaya. Akwai kuma gayya, wadda ake bi gona-gona, yau a yi wa wannan, gobe a yi wa wancan. Ya ce duka biyun namu ne, mun dai ɗauko wadda ba ita ba.

Ba a gama tsarin ranar ba. An yi ta ja-in-ja har lokacin kaka ya wuce, kowa yana kare gefen da gonarsa take. Amma kafin yankan rani na gaba an tsaya a kan magana. Anka raba fadama gefe-gefe, kowane gefe da layinsa. Ba a ƙona ɗanye. Ba a kyastawa sai rana ta ɗaga sosai, kuma kafin la'asar a kashe. Kafin ma a kai ga wuta, a bar Fulanin da ke mashekari kusa da mu su kwashi abin da shanunsu za su ci. Sannan babba a ciki: ko layinka ne, in iska tana kallon gari, ka haƙura. Anka kafa doguwar gora ƙofar mai gari da ƙyalle a samanta, kowa ya gani da idonsa. Ni anka sa na hau na ɗaura, wai tunda ni na addabi mutane da zancen iska. Wanda ya saɓa kuwa, ba a ce ya kawo ko sisi ba. An ce dai ranar yankansa kada ya sa ran kowa zai zo taya shi. A garinmu wannan ya fi tara ciwo.

Baffa ya yarda a gwada shekara ɗaya, da sharaɗin mashin ɗina ya kwana da mai a ciki kullum.

To a nan ne abin ya zo kan gidanmu. Babbar gonar Baba tana gabas da gari, dab da gidajen ƙarshe. Ba ta ƙonuwa sai iska ta fito daga yamma ta tura hayaƙin daji. A bazara iska ba ta da alƙibla, yau nan gobe can, amma shekarar nan kamar da gayya, duk ranar da layin gabas ya zo, sai ƙyallen ya nuna gari. Layi ya zo ya wuce. Ya sake zagayowa ya wuce. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Maƙwabtanmu na kudu sun gama sun fara gyaran gona, namu tsibin yana nan kamar an dasa.

Baba ya koma ba ya cin tuwo sosai. Da safe kafin ya gaida kowa sai ya leƙa ya dubi gorar nan. Wata rana da la'asar na gan shi yana juya kwalin ashana a hannu, yana zaune kusa da Kaka.

"Inna," ya ce, "da dokar Birni ta, da tuni na gama. Mutum shi jira mota ta wuce, shi ke nan."

"To mi ah hana ka?"

"Wagga da bakina anka yi ta. Kuma hayaƙi ba shi ɓoyuwa. Yana tashi kowa ya san gonar wa ta."

"In don ni na, ɗauke ni ka kai Birni kwana biyu ka ƙone abinka."

Ya dube ta. Ta san abin da ta faɗa, shi ma ya sani: in ta tafi a wannan karon, Baffa ba zai bari ta dawo ba. Baba ya mayar da ashanar aljihu. Washegari ya aro amalanke, ni da shi da ƙannena munka fara kwasar kara muna kai wa Fulani har mashekarinsu. Aiki ne na fitar rai, ga zafi, ga ƙaiƙayi. Ruwan farko ya same mu ba mu gama ba. Gonar nan ta yi latti a shekarar, kuma abin da ta bayar bai kai na kullum ba. Fulanin sun kawo shanu sun kwana mana a gona daga baya, taki ya samu, amma Baba har yau in anka tada zancen sai ya ce taki ba buhu ba ne.

Kaka kuwa ta yi bazararta a gida, daga yanka har saukar ruwa. Ta yi tari, ba zan ce ba ta yi ba. Ranar da anka ƙona gefen kudu ta ɗan sha wuya da yamma. Amma maganin shaƙarta ya ishe ta, man da ke cikin mashin ɗina kuwa kasuwa ya kai mutane.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce mun iya. Sai ga baƙuwa. Kaka tana da ƙanwa da ke aure a garin da ke tsallaken gulbi, yamma da mu. Rannan ta sauko daga jirgi ta shigo gidanmu, idanunta jawur, muryarta a dushe. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Yaya, ashe haka kuke? An ce kun yi dokar iska, kun huta."

"Mun gode Allah."

"To mu mun gode muku. Duk ran da ƙyallenku yab bar garinku, ina kuka zaton shina nunawa?"

Gonakinmu na bakin gulbi, ba a ƙona su sai iska ta fito daga gabas, don ta kawar da hayaƙin daga garinmu. Daga garinmu zuwa ina? Mu dai mun ce "ya bar gari," mun juya baya. Ikon mai garinmu ya tsaya a bakin ruwa, hayaƙinmu kuwa ko jirgi ba ya nema. Su ma can an ba mai garinsu irin ikon da anka ba namu, kuma in sun bi tasu dokar, mu za su turo wa.

Kaka ta dubi ƙanwarta. Sannan ta ce mini, "Tashi ka kai mu zaure."

Ban san duk abin da masu garin biyu sunka tattauna ba, kuma gaskiya har yanzu ba su gama daidaitawa ba. Kowa yana cewa nasa gefen ya fi matsuwa. Abu ɗaya dai ya tabbata: yanzu ba a ƙona bakin gulbi, nan ko can, sai an aika wa ɗaya garin tun ana gobe. Masu jarirai su san dabara, masu fuka su san inda za su nufa.

Tsofaffin nan biyu kuwa, Kaka da ƙanwarta, sun yi nasu tsarin da babu wanda ya sa su. Ranar da za mu ƙona wajen gulbi, ƙanwar takan tsallako da safe ta yini wurinmu. Ranar da su za su ƙona, ni nake kai Kaka bakin ruwa. Matar da sai an yi rigima kafin ta hau mashin zuwa Birni, ita ce yanzu take tashe ni, da ƙullin goronta da 'yar daddawar tsaraba.

Bazarar da ta wuce, ina taimaka mata ta shiga jirgi, na ce, "Ashe dai kina iya barin gida."

Ta gyara zama, ta nuna bayana da haɓa. Daga bakin ruwan ana hango bishiyoyin bayan gari, inda mijinta yake.

"Daga can ma ina ganinsu," ta ce. "Kuma in la'asar ta yi ka zo ka ɗauke ni. Kak ka tsaya zance da 'yan mata, mijin banza."

Na tsaya har jirgin ya kai tsakiya. Can tsallake hayaƙinsu ya fara tashi, na ga ya miƙe, ya ɗan karkato wajenmu.

Abin da har yanzu nake juyawa a raina ke nan, kuma shi ya sa na matsu in ji daga gare ku. Ku da kuke Argungu, da masu albasa, da ku na Birni da injinan casa suke tara muku buntu yana ci da wuta a bayan unguwa, wa yake riƙe da iskarku? In an ba ku ita a hannu, ta wace hanya kunka bi da ita? Kuma hayaƙin da kunka kawar daga ƙofarku, kun taɓa bin sa kun ga gidan wa ya shiga? Ku gaya mini, don masu garinmu biyu za su sake zama kafin yanka, kuma Kaka ta ce wannan karon da ita za a yi.